Gemun Mai Gadi

A layin masu gyara, tsakanin shagon Tela da na Mai aski, akwai wani ɗan shago da ake gyaran rediyo da fanka. Mai shagon ba wanda ke ce masa mai gyara sai baƙo. Tauraro ake kiransa, kuma shi ya raɗa wa kansa sunan ba tare da neman shawarar kowa ba. Bai taɓa tsayawa gaban kyamara ba in ban da ranar da aka yi masa katin shaida, amma duk fim ɗin da aka kunna a talabijin ɗin shagonsa sai ya gyara shi da baki. Wannan jarumin bai iya kuka ba, wancan bai iya mutuwa ba, shi kuwa daraktan da ya zo an nuna masa aiki. Abin da ya rage kawai duniya ta ba shi dama, ita kuma duniya, saboda tsabar hassada, ta shekara hamsin da takwas tana ƙi.

Abu ɗaya ya mallaka da ya isa a kalla, wato gemunsa, wani cukus mai furfura da ya taru saboda ƙyuyar shiga shagon da ke bango ɗaya da nasa.

Autarsa ta sami aiki a wani kamfanin shirya fim, aikin gwaji na wata uku, saura mako biyu a ce mata zauna ko a ce mata sai wata rana. Littafi da biro ne kayan aikinta. In an ɗauki mutum yau hularsa a karkace hagu, ita ce za ta tabbatar jibi ma in an zo ci gaba a karkace hagu take. Don fim ba a jere ake ɗaukarsa ba, abin da mai kallo zai gani cikin ƙiftawar ido wani lokaci kwana uku ne tsakaninsa.

Da Darakta ya nemi dattijon da zai fito a mai gadi, Auta ta nuna masa hoton mahaifinta a waya.

"Wannan gemun nake nema," in ji Darakta. "Mai shi ya iya magana?"

"Yallaɓai, ba nan matsalar take ba."

"Kawo shi. Amma ke kika kawo, in ya ɓata min aiki ke na sani."

Ranar Litinin aka ɗauki rabin farko a ɗakin wani mai gadi na gaske. Aikin Tauraro ya ji motsi yana barcin rana, ya tashi, ya ɗauki sanda, ya kama ƙofa. Ba magana ko ɗaya a ciki, amma sai da aka maimaita sau tara, domin kowane karo sai ya tsaya ya yi wa motsin tambayoyi. Rabi na biyu sai Alhamis, a ƙofar wani gida dabam: ya fito, ya ce "Wane ne a nan?", ɓarawo ya ture shi ya gudu.

A hanyar gida Auta ta ce, "Baba, don Allah daga nan zuwa Alhamis kar ka taɓa komai a jikinka. Ko farce kar ka yanke."

"Ni za ki koya wa fim? Tun ba a haifi Daraktan naku ba nake kallo."

Kwana biyu layin masu gyara bai huta ba. Duk wanda ya kawo fanka sai ya tafi da labarin yadda Darakta ya rungume Tauraro yana hawaye. Zuwa Laraba da rana labarin ya girma, an ce manyan masu shirya fim za su zo kallonsa, kuma da ya ji labarin ya dawo masa daga bakin wani sai shi ma ya gaskata. Nan shirin ya zo masa. Manyan mutane ba za su zo su tarar da shi kamar wanda ya kwana a tasha ba. Zai fito fes, ya cika mota da mutanen layi, ya faɗi "Wane ne a nan?" irin faɗar da ba a taɓa yi ba, daga nan kuma rediyo sai dai ta gyara kanta.

Alhamis da sassafe, Auta na fita wurin aiki, ya faɗa kujerar Mai aski.

"Kwashe shi duka."

Mai aski ya tsaya da almakashi a hannu. "Tauraro, ba saboda gemun aka ɗauke ka ba?"

"Saboda basira aka ɗauke ni. Gemu rakiya ya yi."

"Ka tambayi Auta?"

"Kai, aski na zo ko shari'a?"

"Ni dai na tambaya sau biyu. Ga na uku: ka tabbata?"

"In ba ka iya ba ka faɗa min, akwai wani a bakin titi."

Mai aski ya iya. Cikin minti goma haɓar da rana ta shekara shida ba ta gani ba ta fito fili, fara sol, ƙarama, ba ta ko yi kama da sauran fuskar ba. Da ya koma gida sa sabuwar riga, matarsa ta ɗago daga wanki ta ƙare masa kallo.

"Bawan Allah, maigidan ba ya nan."

"Ke dai ba ki san gyara ba. Sa mayafi mu tafi, yau za ki san wanda kike aure."

"Abin da nake tsoro ke nan, Malam."

Mutum goma sha bakwai ya cusa a motar haya, har da Tela da ya rufe shago da ɗinkin mutane a kan keke. Da suka isa, Auta ce ta fara hango shi daga bakin ƙofa. Biron hannunta ya faɗi. Ta ja shi bayan motar kafin kowa ya gani.

"Baba, ina gemun?"

"Yana shagon Mai aski, lafiyarsa ƙalau."

Ta buɗe waya ta nuna masa hoton ranar Litinin. "Nan ka kama ƙofa da gemu. Yau za ka buɗe ta. A fim ɗin daƙiƙa ɗaya ce tsakani. Baba, mutum ya kama ƙofa da gemu ya fito babu?"

"Sai a ce ya yi aski a bakin ƙofa."

"Da ɓarawo a cikin gida?"

"To a sake ta Litinin ɗin mana."

"Masu wancan gidan sun kulle sun yi tafiya. Baba, korata za a yi."

Wani uban da nan zai yi shiru. Tauraro kuwa ƙirji ya buga. Ai shi mai gyara ne, abin da ya fi gemu wuya ma ya gyara. Auta ta ce bari ta kira mai kwalliya, ya ce ko kusa, mata ba su da sirri, yanzu Darakta zai ji. Kafin ta sake magana aka ƙwala mata kira daga ciki, ta tafi tana waiwaye. Shi kuma ya tura Mai aski a babur ya je shago ya dawo masa da gashin gemunsa.

Mai aski ya dawo da leda a ƙulle.

"Na riga na share shago kafin mu taho. Naka yana ciki, amma akwai na mutum biyar."

"Gashi gashi ne."

"Ɗaya daga ciki direban nan ne mai ƙyasbi."

"Ban tambaye ka tarihinsu ba."

Furfura ta yi kaɗan a ledar, sai Tela ya farke gefen wani matashin kujera da ya tsinta a motar ya ciro auduga. Gam kuwa Tauraro ba ya rabo da shi a aljihu, irin wanda yake liƙe murfin rediyo da shi, mai kama ƙarfe. Ya tsuguna gaban madubin mota ya shafe haɓa, mutum goma sha bakwai na ba shi shawara a lokaci guda.

"Hagu ya fi dama."

"Ƙara auduga, ya yi yaro."

"Yanzu kuma ya yi shekara ɗari."

Yatsarsa manuniya ta liƙe a haɓa. Sai da Mai aski ya raba su da reza, yatsar ta tafi da rabonta na gemu. Abin da aka samu a ƙarshe yana da launi uku, ya karkata wajen kunnen hagu, kuma yana wari har idon mai shi na ruwa. Tauraro ya duba madubi ya ce ya fi na da. Matarsa ta ce lalle, na da ai na mutum ɗaya ne kawai.

Aka kira mai gadi. Auta ta miƙo masa tsohuwar rigar ranar Litinin da sanda, ta kalli fuskarsa sau ɗaya ta rufe ido. Allah ya taimaka ɗaukar farko daga nesa ce, Darakta na can ƙarshen farfajiya ya sunkuya a kan ɗan allon da yake kallo. Aka jera mutanen layi a jikin katanga, aka ce ko tari kar wanda ya yi.

"Akshan!"

Ƙofa ta buɗe. Tauraro ya fito, ya nemi inda kyamara take, ya yi mata murmushi, sannan ya ɗaga wa mutanen layi sanda. Suka ɗauki tafi.

"Kot! Baba, ɓarawo ka ji, ba ɗaurin aure ka zo ba. Kar ka kalli kyamara."

"To wa zan kalla? Ita ce ta zo domina."

Karo na biyu bai kalli kyamara ba. Ya ce, "Wane ne a nan? Ya kai wanda ka tsallako katangar da ba taka ba, shin ka yi tunanin mahaifiyarka?" Matashin da ke fitowa a ɓarawo ya tsaya da akwati a kai yana jiran wurin da zai ture shi, bai samu ba, har wuyansa ya gaji ya sauke akwatin ya zauna a kai.

"Kot! Kalma huɗu aka ba ka, Baba. Huɗu!"

"Na ga sun yi wa mai gadin kaɗan ne."

"Matso da kyamara kusa, mu gama da shi rana na tafiya. Kai ɓarawo, da ya ce 'nan' ka ture shi, kar ka jira."

Wannan karon ɓarawo bai jira ba. Tauraro na cewa "nan", yana jan numfashin ci gaba, matashin ya sa hannu ya ture shi a wuya ya zura da gudu. Gam ɗin da ke ƙasan haɓa bai gama bushewa ba. Nan take ya liƙe a hannun rigar ɓarawo, kuma da aka zo zaɓe tsakanin haɓa da riga, rabin gemun ya zaɓi riga. Tauraro ya saki wata ƙara da ba ta cikin rubutu, ɓarawo kuwa ya tsallake katanga da gemu na lilo a hannunsa.

"Jama'a, ya bar akwati ya sace gemu!" in ji Tela.

Mutanen layi suka zube. Direban mota na dukan katanga, Mai aski ya durƙusa yana riƙe ciki, mai kyamara ya cusa fuska a hula kafaɗunsa na rawa. Tauraro na tsaye a tsakiya, rabin haɓa ja wur, rabi auduga, yana ƙoƙarin bayyana cewa a manyan finafinai da gangan ake irin wannan.

Darakta bai yi dariya ba, kuma ko kallon Tauraro bai yi ba. Auta ya kira.

"Aikinki nawa ne a nan?"

"Ɗaya, yallaɓai."

"Mene ne?"

"Abin da aka gani jiya a gan shi yau."

"Ina da fitowa uku da mai gadin nan a gaba. In jira gemu wata huɗu? Ba ni littafin."

Ta miƙa masa da hannu biyu. Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma ce laifin Baba ne ba, sai ta sunkuyar da kai ta koma gefe. Wannan ya fi cizgar gemun yi wa Tauraro zafi. Kunya ce ta kama shi, irin wadda bai taɓa ji ba.

Matarsa ce ta yi magana daga jikin katanga. "Da ni ce ku, da naɗe fuskar na yi gaba ɗaya kowa ya huta."

Auta ta ɗago. "Yallaɓai, in ɓarawon ya buge shi da katako yana buɗe ƙofa fa? A ɗauka ta baya, ba a ga haɓa ba. Sauran fitowar duk a gadon asibiti, a sume, fuska a naɗe da bandeji."

Darakta ya dubi rana, ya dubi Tauraro. "A sume. Ba magana ke nan?"

"Ko ɗaya."

"Wannan ne gyara na farko da na ji yau. Amma sau ɗaya zan ɗauka, haske na ƙarewa. In ya motsa ko yatsa, ku tafi gida tare."

Bugun katako bai ci lokaci ba, ɓarawo ya yi shi da zuciya ɗaya. Aka shimfiɗa farin zane a wani ɗaki, aka rataya gorar ruwa a ƙusa da ɗan tiyo. Mai kwalliya ta jiƙa ragowar gemun da man gyaɗa ta kankare, sannan ta naɗe kan Tauraro tun daga haɓa har goshi, ta bar masa hanci da idanu. Masu dubiya ake bukata, ga su kuwa goma sha bakwai kyauta.

"Ku saurara," in ji Darakta. "Ba za a ji muryarku a fim ba, kiɗan tausayi za mu ɗora a kai. Ku dai ku zo ɗaya bayan ɗaya, ku ɓata fuska, ku motsa baki. Ku faɗi duk abin da kuka ga dama."

"Duk abin da muka ga dama?" in ji Tela.

"Komai. Akshan!"

Tela ya matso bakin gado, ya langaɓe kai kamar zai fashe da kuka. "Allah sarki Tauraro. Fankar da ka gyara min har yau baya take hurawa. Bango ya sha iska, ni ina gumi."

Mai aski ya dafa ƙarfen gado yana girgiza kai. "Sau uku na tambaye ka. Sau uku. Kuma manyan da ka ce za su zo, ni ban ga kowa ba sai mai sayar da ruwa."

Direba ya share ido da hula. "Rediyona da ka buɗe, ka maido min da ƙusoshi bakwai a takarda ka ce ƙari ne daga kamfani."

Amsoshi suka taru a maƙogwaron Tauraro, kowace da hujjarta, har da shaidu. Fankar Tela ai shi Telan ne ya juya ta. Direba kuwa wa ya ce ya saya mai arha? Yatsun ƙafarsa suka fara neman tashi. Sai ya jiyo numfashin Auta daga bayan kyamara, sama-sama, irin wanda take yi tun tana ƙarama in tana tsoro. Ya danne yatsun. Mutum goma sha shida suka wuce ta kansa da fuskar tausayi, kowa ya sauke abin da ya shekara yana ɗauke da shi, kuma gawa ma ba za ta fi shi kwanciya ba.

Matarsa ce ƙarshe. Ta zauna a bakin gado, ta gyara masa zane.

"Malam, shekara talatin da biyu, yau ne zan fara magana in kai ƙarshenta ba ka karɓe ba, saboda haka ka ji. Ba gemunka ne kawai ya sa aka kira ka ba. Wani aka fara zaɓa. Yarinyar nan kwana uku tana bin Daraktan nan da hotonka, don ta gaji da jin kana cewa ba wanda ya taɓa ba ka dama. Ita ta ba ka. Da aikinta ta ba ka. Na gama. Ashe haka ake ji."

Wani abu mai ɗumi ya gangaro daga gefen idon Tauraro ya shige bandeji. Darakta ya yi wa mai kyamara alama ya matsa, ya bari sai da ɗigon na biyu ya bi na farko.

"Kot."

Darakta ya sake kallon abin a allonsa tun daga farko, sannan ya zaro littafin daga hammata ya miƙa wa Auta ba tare da ya dube ta ba. "Rubuta: bandeji zagaye bakwai, ƙulli a dama. Gobe ƙarfe takwas."

Mai kwalliya ta warware bandejin. Tauraro ya tashi zaune, ya nemi Auta da ido, ya ce a hankali, "Na ɓata?"

"A'a, Baba."

Ya gyaɗa kai. Ya yi shiru har na kusan minti ɗaya, abin da mutanen layi suka daɗe suna ba da labari. Sannan ya juya gare su ya ɗaga yatsar nan mai gemu.

"Kun ga hawayen nan? Sau ɗaya tak, ba albasa. To bari in gaya muku babban darasin da na koya a harkar fim. Ɗan wasa na gaske shi ne wanda ya san lokacin yin shiru."

Ya yi musu bayanin shirun tun daga ƙofar gidan har cikin mota, da rabe-rabensa da misalai, har aka shigo layin masu gyara bai kai rabi ba. Auta na kujerar baya rungume da littafinta, ba ta katse shi ba. Matarsa kuwa tun a can ta roƙi mai kwalliya ragowar bandejin, tana zaune tana naɗe shi a hankali, ta sa a jaka.